Saukowar Mahaifa da Yadda Uwa Za Ta Taimaki Jikinta

Jawabin da wata ungozomar gidan likita ta gabatar wa iyaye mata da ƴan rele a ranar awon yara

Ina gaida ƴan rele mata da ke tare da mu, ina kuma gode wa ƴan'uwanmu maza da suka ba mu wuri domin mu yi magana a sake. Akwai saƙon da za mu aika musu idan mun kammala.

Duk lokacin da muka taru a nan, zancen yara muke yi: awon dantse, shayar da nono, kunu mai gina jiki, allurar rigakafi. Yau kuwa zancen na uwa ne, kuma ga abin da ya kawo shi. Kwanakin baya wata baiwar Allah ta daina kawo ɗanta awo, alhali yaron yana tsakiyar maganin tamowa. Mako ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce, sai ƴar rele ta bi ta har gida. Da farko ta ce aiki ne ya yi mata yawa. Sai da suka keɓe su biyu sannan ta faɗi gaskiya, ta ce idan ta yi doguwar tafiya da goyo, wani abu yakan sauko mata ta gaba, har ta ji kamar zai faɗo ƙasa. Shekara uku tana fama da shi, ko mijinta bai sani ba. Tana tsammanin ita kaɗai Allah ya jarraba da wannan abu a duk garin.

Na san a cikin wannan rumfa akwai wadda ta ji labarin nan kamar nata ake bayarwa. Ba zan ce kowa ta ɗaga hannu ba. Ku dai saurara, domin ciwon ƴa mace na ƴa mace ne, wadda ba ta da shi ma tana da uwa ko ƙanwa ko maƙwabciya da za ta amfana.

Mene ne saukowar mahaifa?

A ƙasan cikin kowace mace akwai abubuwa uku da ke maƙwabtaka da juna. Mafitsara tana daga gaba, mahaifa tana tsakiya, ƙarshen hanji mai kaiwa ga dubura yana daga baya. Zamansu cikin ƙugu ya yi kama da zaman ƙwaryar nono cikin ragaya. Daga sama akwai igiyoyin nama da suka ɗaure mahaifa a jikin ƙashi. Daga ƙasa akwai shimfiɗar tsoka wadda ta taso daga ƙashin mara har zuwa ƙarshen ƙashin baya, ita ce ke tallafe su duka. Hanyoyi uku sun ratsa ta: hanyar fitsari, hanyar haihuwa da hanyar bayan gida. A jawabin nan zan riƙa kiranta tsokar ƙasa.

Idan igiyoyin suka saki, tsokar ƙasa kuma ta yi rauni, sai abin da ke sama ya zazzago cikin hanyar haihuwa. Wani lokaci mahaifar ce da kanta, wani lokaci mafitsara ce ke turo bangon gaba, wani lokaci kuma hanji ne ke turo bangon baya. Mu duka mukan ce mahaifa ta sauko, amma sai an duba ake sanin wanne ne a ciki.

Alamominsa sanannu ne ga mai shi. Akwai jin nauyi a mara kamar ana janyo wani abu ƙasa. Akwai jin ƙullutu a gaba lokacin tsarki ko wanka. Wata takan yi fitsari ta ji bai ƙare ba, wata fitsarin ke kuɓuce mata idan ta yi tari ko atishawa ko dariya, har ya riƙa damun ta wajen tsarkin salla. Wata bayan gida ke yi mata wuya. Galibi da safe akan tashi da sauƙi, sai yamma ta yi bayan an wuni a tsaye abin ya tsananta, idan aka kwanta kuma ya lafa.

Wannan ciwo daban yake da yoyon fitsari. Mai yoyon fitsari ƙofa ce ta huje tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa sanadiyyar doguwar naƙuda, fitsari yana zuba dare da rana ba tsayawa, kuma a wurin likita ne kaɗai ake maganinsa. Saukowar mahaifa kuwa sakin mariƙi ne. Ba kansa ba ne, ba ya yaɗuwa daga mace zuwa mace, kuma babu hannun maye ko na kishiya a cikinsa.

Daga ina yake zuwa?

Babban sanadinsa haihuwa ce, musamman naƙudar da ta daɗe, da jariri mai girma, da yunƙuri tun bakin mahaifa bai gama buɗewa ba, da danna cikin mai naƙuda da wasu ke yi wai don a taimaka mata. Haihuwa kusa-kusa tana ƙara shi, domin tsokar ba ta gama murmurewa ba wani cikin ya sake hawa kanta. Binciken ƙasa na shekarar 2012 ya nuna cewa mace a Nijar takan haifi ƴaƴa tsakanin bakwai da takwas a rayuwarta, na shekarar 2021 kuma ya nuna shida da ɗoriya. Ku duba sau nawa wannan ragaya take ɗaukar nauyin wata tara.

Bayan haihuwa sai aikin yau da kullum. Bidon ruwa mai lita 20 nauyinsa kilo 20 ne. Ga jan guga a rijiya mai zurfi, ga daka da surfe, ga damin itace, ga goyo a baya. Sai taurin bayan gida mai sa yawan nishi, da tari mai daɗewa, da ƙiba mai yawa. Daga ƙarshe akwai shekaru, domin bayan al'ada ta ɗauke naman wurin yakan rage kauri da ƙarfi.

Idan kun lura, duk waɗannan sun kasu gida biyu. Wasu suna raunana abin da ke riƙewa daga ƙasa, wasu suna ƙara abin da ke dannowa daga sama. To, aikin da ke hannunmu shi ma biyu ne: mu rage dannowar sama, mu ƙarfafa tallafin ƙasa. Da abubuwa uku za mu yi shi, wato numfashi, da yanayin tsayuwa da ɗaukar kaya, da motsa tsokar kanta. Babu wanda ake biyan ko dala a cikinsu.

Na farko, numfashi

Ku ɗauki cikin mutum kamar salkar ruwa. Idan aka ɗaure bakin salka aka danne ta, ruwan zai nemi inda fata ta fi rauni ya turo ta nan. Haka ciki yake. Samansa akwai faffaɗar tsoka a ƙarƙashin huhu wadda muke numfashi da ita, ƙasansa kuma akwai tsokar ƙasa. Duk sa'ad da mace ta riƙe numfashi ta yunƙura, ta ɗaure bakin salka ke nan, ƙarfin duka zai gangara inda ya fi rauni.

Mu gwada tare yanzu. Kowa ta gyara zama, ta ɗora hannu ɗaya a kan ciki, ɗaya a gefen haƙarƙari. Ki shaƙi iska ta hanci a hankali, ki bar haƙarƙarinki su buɗe, ciki ya ɗan taso, kafaɗu kuma su zauna inda suke. Yanzu ki fitar da ita ta baki sannu-sannu, kamar kina hura wa yaro kunu mai zafi. Lokacin shaƙa tsokar ƙasa takan saki, lokacin fitarwa takan ɗan ɗago da kanta. Ki maimaita sau biyar.

Ƙa'idar da nake so ku tafi da ita gida ita ce: inda ƙarfi yake, nan ake fitar da numfashi. Za ki ɗaga tulu, ki hura iska waje kina ɗagawa. Za ki jawo guga, ki hura kina jawowa. Za ki miƙe daga tabarma da yaro a hannu, ki hura kina miƙewa. Iyayenmu masu waƙa a bakin turmi sun riga mu gane wannan, domin mai waƙa ba ta iya riƙe numfashi. Wadda ba ta waƙa ta riƙa ƙirga da baki, ko ta yi hira da abokiyar dakanta. Idan kaya ya kai nauyin da ba za ki iya ɗaga shi ba sai kin toshe numfashi kin cije baki, to ya fi ƙarfin jikinki a wannan lokaci, ki rage shi ko ki nemi taimako.

Na biyu, tsayuwa da zama da ɗaukar kaya

Idan kina tsaye, ki raba nauyinki daidai a kan ƙafafu biyu, gwiwoyi a sake, ƙirji yana bisa ƙugu. Kada ki turo ciki gaba, kada kuma ki lanƙwashe ki zube a kan mararki. Ki tuna yadda kike miƙewa idan an aza miki ƙwarya cike da nono, wannan ita ce tsayuwar da ake so ko babu komai a ka.

Aikin da za a iya yi a zaune, a yi shi a zaune. Wanke-wanke, wanki, tankaɗe, tsince hatsi, gyaran ganye, duk a jawo ƴar kujera a zauna, baya a miƙe. Daɗewa a tsugune ana aikin ƙarfi yana buɗe ƙasa yana kuma ƙara danniya. Wajen shayarwa ki jingina bayanki da bango, ki sa matashi ko naɗaɗɗen zane a cinya ki ɗago yaron zuwa ga nono, maimakon ki rusuna zuwa gare shi.

Ga yadda ake ɗaukar kaya daga ƙasa. Ki matso kusa da shi sosai. Ki sa ƙafa ɗaya gaba, ki lanƙwasa gwiwoyi, bayanki a miƙe. Ki tsuke tsokar ƙasa, yadda zan koya muku nan gaba kaɗan, sannan ki hura iska waje ki miƙe da ƙarfin cinyoyinki, kayan yana manne da jikinki. Wanda za a ɗora a ka, ki nemi wadda za ta kama miki wajen azawa da wajen saukewa, domin nan ne yunƙuri ya fi yawa. Sahu biyu da lita 10 ya fi wa jikinki sahu ɗaya da lita 20. Inda akwai amalanke ko jaki, a bar musu ruwa da itace. Inda akwai injin niƙa kuma da hali, a kai.

Tashi daga kwance ma yana da hanyarsa. Kada ki zabura ki miƙe zaune kai tsaye. Ki juya gefe, ki lanƙwasa gwiwoyi, ki dogara da hannu ki tura jikinki sama kina fitar da numfashi.

Akwai kuma kwanciyar hutu da ke rage nauyin mara. Ki kwanta rigingine, ki lanƙwasa gwiwoyi, ki sa matashi ƙarƙashin ƙugu yadda zai ɗan fi ƙirjinki tudu. Ki yi minti 10 zuwa 15 kina numfashin da muka koya. Wata ta fi jin daɗin durƙusawa a kan gwiwoyi da gwiwar hannu, ƙugu a sama. A yi shi da tsakar rana da kuma bayan an gama aikin yamma. Mai tsohon ciki ita kam a gefe za ta kwanta, da matashi tsakanin gwiwoyi.

Na uku, motsa tsokar ƙasa

Tsokar ƙasa nama ce kamar ta dantse, idan ana aiki da ita takan yi ƙarfi. Wani likitan mata a Amurka mai suna Arnold Kegel ne ya bayyana wannan motsa jiki a rubuce a shekarar 1948, kuma har yau shi ake fara koya wa mata a asibitocin duniya kafin a yi zancen aiki.

Matakin farko shi ne ki gano tsokar. Ki yi fitsari tukuna, sannan ki kwanta ki lanƙwasa gwiwoyi. Ki ɗauka iska ce ta matso ki a tsakiyar taron biki, kina son riƙe ta kada ta fita. Wannan tsukewar ta baya ita ce. Ki ƙara da ta gaba, kamar kina riƙe fitsari kafin ki isa makewayi. Ki haɗa su biyu ki jawo su ciki, sama. Sannan ki saki gaba ɗaya, ki ji wurin ya koma yadda yake.

Ga yadda za ki san kin yi daidai: cinyoyinki ba su matse ba, mazaunanki ba su ɗaga ba, numfashinki bai tsaya ba, wadda ke kusa da ke ba za ta san kina yin komai ba. Idan kina shakka, ki wanke hannu da sabulu ki ɗora yatsu a fatar da ke tsakanin gaba da dubura. Idan wurin ya ja ciki, daidai ne. Idan ya turo waje, yunƙuri kike yi, ki tsaya ki zo mu nuna miki. Kada ki mayar da tsayar da fitsari a tsakiyar yinsa ya zama motsa jikinki, domin hakan yana hana mafitsara zubar da abin da ke cikinta duka.

Iri biyu ake yi. Na farko mai jinkiri: ki tsuke, ki riƙe kina ƙirga ɗaya, biyu, uku, sannan ki saki ki huta daidai wannan tsawon. Ki maimaita har sau goma, ko iya inda ƙarfinki ya tsaya. Mako bayan mako ki ƙara ƙirgen, daga uku zuwa biyar, har ki kai goma. Na biyu mai sauri: tsuke, saki, tsuke, saki, sau goma. Sakin yana da muhimmanci kamar tsukewar, tsokar da ba ta hutawa ba ta ƙarfi. Ana yin iri biyun nan sau uku a yini. Ki fara a kwance, idan kin gwane ki koma yi a zaune, daga baya a tsaye, domin a tsaye ne kika fi bukatarta.

Abin da ke kayar da mata a nan mantuwa ce. Saboda haka ki ɗaure shi da wani abin da ba ki mantawa. Ki yi bayan sallar asuba, bayan azahar, da bayan lisha kafin barci. Mai jego ta yi lokacin da take ba jariri nono.

Idan kin iya tsukewa, sai ki sa ta cikin aikinki. Kafin tari, kafin atishawa, kafin ɗaga yaro ko tulu, ki riga tsukewa. Wannan ƴar dabara kaɗai tana rage wa mata da yawa kuɓucewar fitsari.

Zan gaya muku gaskiya game da abin da za ku samu. Ba a ganin amfaninsa cikin mako ɗaya. Ana bukatar a jure wata huɗu ana yi kullum kafin a yanke hukunci, bayan nan kuma a ci gaba ko da sau ɗaya a yini ne. Sannu ba ta hana zuwa. Ga wadda abin bai kai ga fitowa waje ba, yakan rage nauyi da damuwa sosai, ya kuma taimaka kada ya ƙaru. Wadda mahaifarta ta riga ta fito waje kuwa, motsa jiki kaɗai ba zai mayar da ita ba, tana bukatar taimakon likita tare da shi.

Abinci, bayan gida da tari

Mace tana iya kiyaye duk abin da na faɗa, amma nishin makewayi na kowace safiya ya rushe mata aikin. Maganin taurin bayan gida yana cikin tukunyarmu: zogale, rama, yakuwa, lalo, kuka, kuɓewa, wake, da gero ko dawa da ba a cire musu dusa duka ba. Idan lokacinsu ya yi, a ci mangwaro da gwaba da gwanda. A sha ruwa mai tsabta isasshe, musamman mai shayarwa da lokacin bazara. Wasu suna rage shan ruwa don tsoron kuɓucewar fitsari, alhali hakan yana busar da ciki, yana kuma sa fitsari ya yi kauri ya dami mafitsara.

Ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba masu ciki sukan taurara wa wasu bayan gida, su kuma mayar da shi baƙi. Kada ki daina sha saboda haka, domin ƙarancin jini ya fi haɗari. Ki ƙara ruwa da ganye, idan bai yi sauƙi ba ki faɗa mana.

Tsugunon da muke yi a makewayi yana da kyau, yana daidaita hanyar bayan gida. Abin gudu shi ne riƙe numfashi da nishi. Ki je da zarar kin ji shi, ki saki ciki, ki riƙa hura iska a hankali, kada kuma ki daɗe a tsugune. Idan kina jin wurin yana turowa, ki tallafe fatar da ke tsakanin gaba da dubura da hannu mai tsabta.

Tari kuwa kowane ɗaya danniya ce a kan tsokar ƙasa. A riƙa girki inda iska ke shiga, a guji zama cikin hayaƙi. Tarin da ya wuce mako biyu a kai shi gidan likita a auna majina, kada ya zama tarin fuka.

Kwana arba'in na jego

Kakanninmu da suka ware wa mai jego kwana arba'in ba su yi kuskure ba. A wannan lokaci naman da ya miƙe yake komawa. Mai jego ta ci ta ƙoshi, ta yi ƴar tafiya cikin gida, amma daka da jan ruwa da ɗaukar itace a ɗauke mata su. Kada ta ɗaga abin da ya fi jaririnta nauyi. Wadda ta haihu lafiya tana iya fara tsukewa a hankali tun kwanakin farko. Wadda aka yi wa aiki ko ɗinki ta tambayi ungozoma lokacin da za ta fara. Ɗaure ciki tamau da zane yana tura kayan ciki ƙasa, idan za a ɗaura a yi shi sakwa-sakwa yadda numfashi zai shiga ya fita ba takura.

A zo awon bayan haihuwa, har da na mako shida, a kuma faɗi abin da ake ji ko ba a tambaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani ciki. Wannan tazara tana ba yaro nononsa cikakke, tana ba uwa lokacin da jikinta zai koma.

Abin da za a guje wa, da lokacin gaggawa

Kada a cusa komai a gaba da sunan matsi ko mayar da mahaifa, ko kanwa ce, ko alif, ko garin sassaƙe, ko tsumma. Suna ƙona fata, suna kawo gyambo da ƙwayoyin cuta. Kada a kai wa wanzami ya yanka abin da ya fito. Abin da ake gani kamar tsiro ne yana iya zama mafitsara ko hanji a bayan siririyar fata, yankan gishiri kuma ya jefa mata da yawa cikin yoyon fitsari da zubar jini.

A tafi gidan likita a ranar, ba jira, idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan: fitsari ya ƙi fita, abin da ya fito ya ƙi komawa ko ya kumbura yana ciwo, gyambo ko jini ko ruwa mai wari, zazzaɓi da ciwon mara, jini ga wadda al'adarta ta riga ta ɗauke. Idan kuwa nan take bayan haihuwa wani nama ya fito tare da zubar jini mai yawa, wannan batun rai ne, kada a ja shi, a nemi mota ko amalanke nan da nan.

Ko babu ɗaya daga cikinsu, duk mai jin alamomin da na lissafa ta zo a duba ta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dubawar ba ta daɗewa, a keɓe ake yi, kuma kina da ikon neman mace ta duba ki. Da ita ake sanin matakin da abin ya kai cikin matakai huɗu. Bayan motsa jiki akwai wani zoben roba mai laushi da ake sa wa mace ya tallafe mahaifa daga ciki, ana zaɓar wanda ya yi daidai da ita, ana kuma duba shi bayan ƴan watanni. Akwai kuma aikin gyara, wanda an fi so a yi shi bayan mace ta gama haihuwa, kuma ba kowane aiki ne ake cire mahaifa ba. Daga gidan likita na kusa ake ba da takardar zuwa asibitin gunduma, daga can zuwa cibiyoyin lafiyar uwa da yaro na Maraɗi, Damagaram da Tawa, ko Materniti Issaka Gazobi a Yamai. Mai wannan lalura tana iya ɗaukar ciki, tana iya zama da mijinta. Idan ta samu ciki ta fara awo da wuri, ta faɗa wa ungozoma, ta kuma haihu a gidan likita.

Saƙo ga ƴan rele

Ƴan'uwana ƴan rele, ku ne idonmu a cikin gidaje. Idan uwa ta daina zuwa awo, kafin ku ce sakaci ne ku tambayi lafiyarta. Ku keɓe da ita, ba gaban kishiya ko uwar miji ko yara ba. Ku fara da cewa mata da yawa suna jin nauyi a mara bayan haihuwa, sannan ku tambaya ko ita ma tana ji, ko fitsari yana kuɓuce mata, ko bayan gida yana yi mata wuya. Dubawa aikin ma'aikaciyar lafiya ce. Naku shi ne ku koya mata numfashi da ɗaukar kaya, ku raka ta gidan likita idan tana jin nauyin zuwa ita kaɗai, ku riƙa tuna mata motsa jikinta duk sa'ad da kuka zagayo. Abin da ta faɗa muku amana ce. Ranar da sirrin mace ɗaya ya fita daga bakinku, sauran matan garin sun rufe nasu ke nan.

Ga saƙon da za ku kai wa ƴan rele maza, su isar wa magidanta a majalisa da ƙofar masallaci ba tare da ambaton sunan kowa ba. Matar da ta ce ba ta iya ɗaukar ruwa bayan haihuwa ba lalaci take yi ba. Kuɗin niƙa, da aron amalanke, da izinin zuwa awo, da kuɗin mota idan an tura ta babban asibiti, duk sun fi sauƙi a kan jinyar da za ta biyo baya idan aka yi sakaci. Iyayen miji da abokan zama su ma a roƙe su su karɓi aikin mai jego, domin wadda ta kama wa wata yau, gobe ita za a kama wa.

Baiwar Allah da na ba ku labarinta ta zo an duba ta. Abin nata bai kai ga aiki ba. Ta koyi abin da kuka koya yau, ƙanwar mijinta ta karɓi ɗebo ruwa na wasu watanni, ta dawo da yaronta ya ƙarasa maganinsa. Har yanzu takan ji nauyi ranar da aiki ya yi yawa, amma ta san abin da za ta yi, kuma tafiya ta daina ba ta tsoro.

Kafin mu tashi, kowa ta gyara zama mu yi sau biyar tare. Ku shaƙa. Ku hura a hankali, ku tsuke, ɗaya, biyu, uku. Ku saki. Madalla. Wadda take da tambayar da ba ta son yi cikin mutane, ina nan ɗakin awo har la'asar, ta shigo kamar mai karɓar magani, ba wanda zai san abin da ya kawo ta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuriyarmu.